Abin da Firmin Ya Faɗa wa Lauyansa

"Buɗe baki mana, Metir, kokon zai huce," in ji Maman Firmin, tana kai cokali leɓen tsohon.

Ya buɗe, amma ba don koko ba. Labarinsa ya ɗora daga inda ya tsaya, na wata mai kifi a bakin tafki da ya so yana saurayi, ta ce ƙafafunsa irin na zalɓe ne. 'Yarsa Perpetu, da ke ninke zanin gado, ta rufe fuska don kunya.

Tun da tsufa ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, bakin Lauya Sojinu, wanda ake kira Metir kamar yadda ake kiran lauyoyi a ƙasar, ya zama famfon da ya lalace. Mutumin da duk Porto-Novo ta sani da tauna magana kafin ya furta, yanzu ba ya barin komai a ciki. Ya tona asirin kansa, ya tona na marigayiya matarsa, ko Fada na cocinsu bai sha ba. Wani sa'in yakan ɗauki 'yarsa alƙali, ya roƙe ta a ɗage zama.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da na Maman Firmin, kuma unguwa kaf na yaba mata wannan jinya. Ita da Perpetu kaɗai suka san ba tausayi zalla ke kawo ta ba.

Ɗanta Firmin ɗan acaba ne. Shekarun baya aka tsinci gawar wani mai sayar da fetur a kwalabe, aka kama Firmin saboda an ga sun yi cacar baki. Metir ya tsaya masa, ya yi ta zuwa gidan yari suna ƙus-ƙus su biyu, har kotu ta sallame shi don rashin hujja. Bai jima ba mota ta take Firmin a hanyar Kwatano, ya tafi bai taɓa ce wa uwarsa na yi ko ban yi ba. Ga shi uwar mai fetur ɗin da aka kashe, manja take sayarwa a kasuwar Wando, rumfarta na kallon ta Maman Firmin. In ɗanta bai yi ba, tana so ta ɗaga kai ta gaishe da matar nan. In ya yi, ta je ta durƙusa a gabanta. Rashin sanin ya cinye ta, kullum kanta a sunkuye take ciniki.

Perpetu ta matso, ta rage murya. "Tanti, ki tambaye shi mana. Likita ya ce abin ya zo kusa. Wa zai ji? Ƙungiyar lauyoyi ce za ta biyo shi gadon nan ta hukunta shi?"

Maman Firmin ta ajiye kwano. Kunyar kanta take ji, amma ta yi ta maza.

"Metir, Firmin ɗina. Shi ya kashe mai fetur ɗin nan?"

Labarin mai kifi ya katse. Tsohon ya yunƙura, ya gyara wuyan rigar barcinsa, ya dube ta da idanun da rabon a gan su haka tun kafin ciwo.

"Ke wace ce tasa?"

"Uwarsa ce."

"Madam, abin da yaron nan ya faɗa mini nasa ne, ajiya ya ba ni. Ki turo mini shi. In ya ce in faɗa, yau ɗin nan za ki ji."

"Firmin ya rasu, Metir. Kana cikin waɗanda suka ɗauki akwatinsa."

Hawaye ya gangaro masa har cikin kunne.

"To babu mai sakina daga wannan amana ke nan," ya ce a hankali.

Ta kama hannunsa. "Don Allah, ko da ido ka nuna mini. Ba sai ka yi magana ba."

Sai ya runtse idanun gam, ya juya fuska bango.

Haushi ne ya fara turnuƙe ta, har ta ji kamar ta jijjiga shi. Daga baya tsigar jikinta ta tashi. Mutumin nan bai san shekarar da ake ciki ba, sunan 'yar cikinsa ya ɓace masa, amma ya san abin da ba nasa ba. Kuma maganar ɗanta ce, ɗan acaban da ba kowa ba, tsohon yake tsarewa haka. Ta rasa ko ta yi fushi ko ta yi godiya. Perpetu ta fita tsakar gida tana sharɓar kuka.

Washegari da hantsi, ana yayyafi, ya cika. Bakinsa ya saki, ya tsaya a buɗe. Perpetu ta yago farin ƙyalle don ɗaure haɓarsa, amma sai ta miƙa wa Maman Firmin.

"Tanti, ba zan iya ba. Ke ce babba."

Maman Firmin ta karɓa. Ta ɗan tsaya tana kallon bakin nan. Sannan ta tallafi haɓarsa da tafin hannu, ta ɗaga a hankali har leɓɓan suka haɗu, ta zagaya ƙyallen ta ɗaure a tsakar kansa.