Baƙin Tabarau a Kujerar Husaina

Baƙon ya miƙa hannu ya kashe allon kwamfutar.

"Ai kai ba ka buƙatar wannan," ya ce yana murmushi. "Nuna mana yadda kake yi, Malam Magaji."

Gumi ya keto wa Magaji ta ƙarƙashin baƙin tabarau ɗin da manaja ya maƙala masa a ƙofar sutudiyo. Idonsa garau yake. Duk abin da ya iya a gidan rediyon nan da ido ya iya shi: ya kalli allo, ya ja maus, ya danna. Yanzu allo ya yi duhu, waƙar da ke tashi ta doshi ƙarshe, kuma shirin kai tsaye ne. A bayansa mutanen ƙungiyar da ta ba da kyautar kibod ɗin makafi ne tsaye, ɗaya riƙe da kyamara.

Manaja, Alhaji Isyaku, ya dafa kafaɗarsa ya matse. "Gwani ne, Malam Rabi'u. Kunyar baƙi ce kawai."

Kibod ɗin na gabansa, ɗazu aka karkaɗe masa ƙura. Babu harafi ko ɗaya a jikinsa. Madannai ne jere, an saita kowanne da aiki guda: wannan ya saki waƙa, wancan ya buɗe makirufo, wani ya sako talla. A kan kowanne an manna wani abu da gam: ƙwayar shinkafa, ɗan wuri, guntun ashana, dutsen ado. Yayarsa Husaina ce ta manna su da hannunta.

Waƙa ta ƙare. Magaji ya yi bisimilla a ransa ya danna mai dutsen ado.

"Masu sauraro barkanku da hantsi," wata murya mai sanyi ta cika ɗakin, "Husainarku ce ta Gyadi-Gyadi, ku matso kusa."

Malam Rabi'u ya ɗaga gira. "Wace ce wannan?"

"Tsohuwar ma'aikaciya," in ji manaja, ko tari bai yi ba. "Ta yi aure."

*

Husaina ba ta yi aure ba. Tana gida.

Ƙyanda ce ta ɗauke mata ido tana ƙarama, ta kuma ɗauke Hassanarta gaba ɗaya. Da sojoji suka koma bariki, gidajen rediyo masu zaman kansu suka fara tsirowa, muryarta ce ta sama mata kujera a wannan ƙaramin na Tarauni. A lokacin kaset ake sawa, tana gane kowanne da shafa. Sai aka kawo kwamfuta, komai ya koma kan allo. Aka ɗauki ƙanenta Magaji, mai kawo ta a babur, ya zauna gefenta yana ja mata maus.

Ranar da kibod ɗin ya iso, ita da injiniya Gideon suka wuni suna saita shi. Washegari ta yi shirinta tun daga sallama har bankwana, hannun kowa bai taɓa tebur ba sai nata. Ta fito tana dariya. "Magaji, na sallame ka. Je ka nemi matar aure."

Wasa take yi. Alhaji Isyaku kuwa ba da wasa ya ce kujera ɗaya ba ta ɗaukar mutum biyu ba. Masu talla, in ji shi, ba sa sakewa idan makauniya ta tare su. Ya zaɓi mai ido. A gida Innarsu Uwani ta ce Magaji namiji ne, shi ke da hidima a gaba, Husaina ta yi haƙuri. Magaji da bakinsa ya gaya wa yayarsa cewa wutar NEPA ta ƙona kibod ɗin, ba ya gyaruwa.

Jiya kuma aka ji masu kyautar za su zo su ga makahon da ke amfana.

*

Da gaisuwar Husaina ta ƙare, shiru ya mamaye rediyo. Magaji ya saci kallon Gideon ta gilashin ɗakin injiniya. Gideon ya harɗe hannu a ƙirji ya kau da kai. Tun da safe ya ce ba shi a cikin wannan aikin.

Sai ya ga Gideon ya zaro wayar salularsa, ya kara a kunne, ya saurara. Ya jona wata igiya. Muryar Husaina ta faɗo cikin abin sauraren da ke kunnen Magaji, shi kaɗai ke jin ta.

"Magaji, ni ce. Wannan gaisuwar a kan dutsen ado kaɗai na ajiye ta. Ashe an gyara kibod ɗin." Tana haki kamar wadda ta yi gudu. "Kada ka bar rediyo shiru. Laluba hagu, ƙwayar shinkafa, waƙa ke nan. Danna."

Ya danna. Kalangu ya tashi.

"Yawwa. Idan za ka yi magana, danna ɗan wurin. Ashana talla ce, kada ka taɓa ta sai bayan gaishe-gaishe. Sassauta yatsunka, ina jin yadda kake dukan su."

Yatsunsa suka bi muryarta. Waƙa, gaisuwa, talla, komai ya zauna daram. Mai kyamara sai walƙiya yake saki. Malam Rabi'u ya matso, ya roƙi a ba shi makirufo ya ce wani abu.

"Wuri," in ji Husaina a kunnensa. "Wa za ka buɗe wa?"

Magaji ya buɗe.

"Jama'ar Kano," Malam Rabi'u ya ce, "yau na ga ikon Allah. Ga Malam Magaji, makaho, ba ya ganin ko tafin hannunsa, yana tafiyar da gidan rediyo shi kaɗai. Ina kira ga iyaye, ku daina ɓoye nakasassun 'ya'yanku a ɗaka."

A kunnen Magaji babu komai sai numfashi. Ya ji rediyon gidansu daga can nesa tana maimaita kalmar makaho. Sannan layin ya katse.

Aka tafa masa. Malam Rabi'u ya rungume shi, ya ce wata mai zuwa za su kai shi Abuja ya nuna wa manya. Da za su fita, manaja ya kama hannun Magaji ya ɗora a kan farar sandar da ke jingine da bango, ya raɗa masa: "Yi a hankali, kada ka tsallake waya."

*

Bayan la'asar ya shiga gida. Inna Uwani na bakin murhu. Ta amsa sallamarsa ba ta ɗago ba, ta ci gaba da hura wutar da ta riga ta kama.

Husaina na kan tabarma da faifai a cinya, tana tsince tsakuwa daga shinkafa. Rediyo na gefenta a kife, baturan a waje.

"Yaya."

"Sannu da aiki, Malam makaho." Ba ta ɗaga murya ba. "Ka yi ƙoƙari. Tallar ƙarshe ce ka ɗan yi gaggawa."

"Alhaji ne ya ce idan ban yi ba..."

"Na sani. Ai namiji ne kai." Ta jefar da tsakuwa. "Tun safe nake laluben sandata. Har Inna na sa ta duba bayan randa. Gidan ƙawata Rabi nake son zuwa barka, ban je ba."

Inna Uwani ta tashi ta shige ɗaki.

Magaji ya zuge jakarsa, ya fito da sandar a naɗe, ya ajiye kusa da ƙafarta. Ta ji ƙarar ajiyewar. Ba ta kai hannu ba.

"Riƙe ta," ta ce. "An ce Abuja za ka."

Yana durƙushe a wurin ya ji ƙwas, ƙwas, ƙwas daga zaure, irin ƙarar da ya saba ji tun yana yaro, sai dai wannan sandar ba ta gidan ba ce. Wata dattijuwa ta shigo tsakar gida da sallama, da gani ba 'yar unguwar ba ce, fuskarta na fuskantar sama kaɗan.

"Sunana Janet, daga Jos," ta ce. "Ni na sa aka aiko da kibod ɗin nan, kuma mace na san na aiko wa. A mota na ji shirin. An ce makahon gidan rediyo a nan yake." Ta miƙa hannu cikin iska, daidai inda numfashin Magaji ke fita. "Matso, ɗana. Gaya mini abin da ke kan madanni na farko."

Yatsun Husaina suka tsaya cak a cikin shinkafa.