Noti Mai Kusurwa Biyar

Sifana goma sha ɗaya Yahuza bakanike ya jera a kan buhu a tsakar gida, daga ƙarama zuwa babba, kamar wuƙaƙen mahauci da sassafe. Babu wadda ta kama notin tayar gaban babur ɗin.

Safinatu na zaune a bakin ƙofar ɗakinta tana tsince shinkafa, tana kallonsu ta wutsiyar ido. Babur ɗin na mijinta ne, Sanda, wanda ya shekara ashirin yana okada a Agege. Wata Talata ya dawo da azahar jikinsa na rawa, ya kafe babur ɗin a jikin bango ya ce bari ya ɗan kishingiɗa. Bai sake fitowa da ƙafarsa ba. Ta yi takabarta wata huɗu da kwana goma, babur ɗin na tsaye a inda ya bar shi. Kullum da safe sai ta goge masa tanki. Da aka raba gado ya faɗa hannun Nata'ala, ƙanin marigayin, wanda ya iso daga Gumel shekaranjiya don ya tafi da shi.

Tirelar da ta kawo shanu mayanka za ta koma Arewa bayan la'asar, kuma direban ya yarda ya ɗauki babur ɗin. Sai dai inji ya ƙi tashi, masu kamen okada na kan titi, mai keken da zai kai shi wurin tirelar kuma ya ce ba zai shiga ba sai an cire tayar gaba.

"Oga, wannan ba notin kamfani ba ne," in ji Yahuza, yana share gumi da bayan hannu. "Kowane noti a duniya kusurwa shida gare shi. Ƙirga wannan. Biyar!"

"To ka sa filaya mana," in ji Nata'ala.

"Filaya? Haƙoranka ma sun fi ta. Ka gwada."

Nata'ala bai yi dariya ba. Ya fita ya tambayi mai faci na bakin layi, ya tambayi mai shayi. Ya kira wani tsohon abokin Sanda a Mushin, aka ce ya koma gida tun bara. Har ladanin masallaci sai da ya tambaya ko marigayin ya taɓa ba shi ajiyar wani ƙarfe. Sau huɗu yana wucewa ta gaban Safinatu, kowane karo ya ce, "Sannu da gida, Yaya," ya wuce. An ce aikin ƙarfe na maza ne. Wanda ya fara faɗin haka bai taɓa zaman gidan haya a Agege ba.

Ƙarfen da suke nema yana ƙarƙashin katifarta, ta gefen da Sanda ke kwanciya.

Shekara tara da suka wuce ɓarayi suka kwance masa tayar gaba suka bar masa babur ɗaure da sarƙa. Sai ya je wurin wani mai walda ya sa aka yi masa noti mai kusurwa biyar, da ɗan bututun ƙarfe mai hannu wanda bakinsa ya dace da shi. Daga ranar, duk yamma shi yake cire tayar da kansa ya shigar da ita ɗaki. Ba su da ɗa da zai riƙe masa kan babur, saboda haka ita ke riƙewa. A nan suke hira. A nan take jin wanda ya hau bai biya ba, da yadda ruwa ya cinye hanyar Ijora. Idan ta yi zolaya ta ce tayar ta fi ta gata, sai ya ce ai ita ba wanda zai iya ɗauka.

Ta ci gaba da tsintar shinkafar da babu sauran tsakuwa a cikinta. Idan tirela ta tafi, sai wani mako. Wataƙila wani watan. Ba ƙarya za ta yi ba, tunda ba wanda ya tambaye ta.

Aka yi sallar azahar. Yahuza ya fara mayar da sifanoninsa cikin jaka.

"Abu ɗaya ya rage," ya ce. "A kira mai walda ya yanke shi da wuta. Fenti zai ƙone, ƙahon gaba zai ɗan taɓu, amma taya za ta fita."

"Kira shi," in ji Nata'ala. "Ko ya ƙone, a can sai a sayar da ƙarfen."

Safinatu ta dubi tankin da ta goge da safe. A gefensa akwai ɗan tabon da Sanda ya shafe da jan farcenta, ya yi kwana uku yana mita. Ta ajiye faranti ta shiga ɗaki. Ta daɗe a ciki. Da ta fito, ƙarfen na hannunta na dama, kwalbar kananzir a na hagu.

"Nata'ala, mirgino mini turmin can."

"Yaya, wannan fa? Tun safe yana wurinki?"

"Tun safe ka tambaye ni?"

Yahuza ya miƙo hannu zai karɓa, ta yi kamar ba ta gani ba. Ta sa suka ɗaga gaban babur ɗin ta tura turmi ƙarƙashin inji. Ta ɗiga kananzir a kan notin ta jira ya ratsa tsatsar. Ta saki wayar birki. Sannan ta durƙusa ta zura bututun, ya shige kamar hula a kan mai ita.

"Riƙe kan da kyau," ta ce wa Nata'ala. "Ba haka ba. Danna da ƙirjinka."

Ya tsaya daidai inda ta saba tsayawa. Ta taka hannun ƙarfen da ƙafa, notin ya yi ƙara ya saki. Ta buga sandar tsakiya da guntun itace ta zare ta, taya ta faɗo a hannunta.

"Mama, wallahi in kina neman aiki, shagona a buɗe yake," in ji Yahuza.

Suka loda babur ɗin a keke, suka ɗaura tayar a sama. Safinatu ta naɗe ƙarfen a bakin zanenta. Wannan kam ba a rubuta shi a takardar gado ba. Nata'ala ya zo ya durƙusa ya yi mata ban kwana, ya yi addu'a, ya miƙe. Sai ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Yaya, ki yi haƙuri. In na isa, da me zan mayar da tayar?"

Ta dube shi, ta dubi babur ɗin da ke durƙushe a cikin keke. Ba shi da wani noti sai wannan, notin kuma ba ya jin wani ƙarfe sai wannan. Ta kwance bakin zanen ta miƙa masa.

"Kada ka ɗaure shi da ƙarfi. Yayanka ba ya so."

Keken bai gama fita daga layin ba Iya Sikira, maƙwabciyarta, ta jawo bahon wanki zuwa jikin bangon da babur ɗin ya bari. Wurin yana da inuwa, ta daɗe tana sonsa.

Safinatu ta mayar da turmi mazauninsa ta zauna. Tafin hannunta baƙi ƙirin da man inji, irin wanda Sanda ke shigowa da shi ɗaki. Ta kai shi hancinta. Jirgin ƙasa ya wuce, gidan ya girgiza ya lafa. Tana nan zaune, hannun a buɗe kan cinyarta, har ladani ya kira la'asar.

Ruwan alwala ba ya ratsa mai. Ta ɗan jira har ya kai ƙarshen kiran, sannan ta tashi ta ɗauko sabulu.