Fentin Taga

A ɗakin mata na asibitin masu taɓin hankali, taga ɗaya ce ke kallon titi, daidai inda bas ke sauke masu ziyara. Ranar ziyara nan ake cincirindo, kowa na leƙen nata. In bas ta watse ba a ga kowa ba, sai kuka ya tashi. Babbar nas ta gaji da rarrashi, ta sa aka shafe gilashin da farin fenti, wai don a samu zaman lafiya.

Malama, tsohuwar malamar firamare da ta kwana biyu a ɗakin, ita abin ya fi ci wa rai. 'Yarta guda ce a duniya, kuma tun da aka kawo ta ba ta sa ta a ido ba. Kular abinci dai na zuwa ta hannun mai gadi, da saƙon cewa aiki ya yi wa yarinyar yawa. Duk da haka Malama ba ta fasa tsayuwa a tagar ba, ko Allah zai sa wata rana.

Da aka zo rabon magani ta kife kofinta. Ta kusa da ita ma ta kife, kafin ka ce me duk ɗakin ya ɗauka. Ba zagi, ba duka, sun dai ce ba mai haɗiye ƙwaya sai an kankare fenti.

Aka kira sabon likita, mutumin kirki, amma irin waɗanda ba ka ce musu kana jin ƙishirwa su ba ka ruwa, sai sun tambayi yadda aka yaye ka. Ya zaunar da ita ya yi mata bayani a tsanake: ba da nas take faɗa ba, da mahaifinta take, tagar kuma wata ƙofa ce da aka rufe mata tun tana ƙarama. Malama ta ce mahaifinta ko akuya bai taɓa ɗaurewa ba. Likita ya gyaɗa kai cike da gamsuwa, ya ce ai wannan musun shi ne shaidar.

"Likita, 'yata nake son gani," ta ce. "Iyakarta ke nan."

Ko tausayi ne ya kama shi, ko tsoron kada ciwo ya tasar wa mutane, ya sa aka kankare wuri kamar faɗin tafin hannu. Suka sha magani, suka yi layi, aka ba Malama gaba.

Bas ta tsaya. Sai ga 'yarta ta sauko da kula a hannu, ta rame, ta yi duhu. Malama ta dafe ƙirji don murna, har ta fara gyara ɗankwali. Yarinyar ta zo bakin ƙofa ta tsaya, ta daɗe tana kallon ginin. Ta ɗaga ƙafa kamar za ta shigo, sai ta miƙa wa mai gadi kular, ta share ido da bayan hannu, ta tsallaka titi. Yadda mai gadin ya karɓa ba tambaya, Malama ta gane ba yau aka fara ba.

Malama ta matsa ta ba wadda ke bayanta wuri. Baƙin cikin ya fi ƙarfin kuka. Likita na tsaye a gefe yana jiran ya ga yadda za ta yi, ta juyo ta dube shi.

"Likita, kai da ka san komai," ta ce a hankali, "ita kuma da wa take faɗa?"