Shinkafar Kaka Kunjiraman

Ranar da ake sa yara a karatu, Kaka Kunjiraman ya yi wanka da sassafe, ya kunna fitilar mai a gaban hoton Saraswati, uwar ilimi, ya baza shinkafa a faranti. A gidanmu aikinsa ne wannan: ya ɗora yaro a cinya, ya taɓa masa harshe da zoben zinare, ya riƙe yatsansa ya rubuta sunan Hari, abin bautarmu, cikin shinkafar. Bana Thulasi ce a layi, 'yar yayana Sudheeran. Tun kwanaki tsohon ke goge zoben.

Sai ga Yaya ya fito da yarinyar cikin takalmi sau-ciki da jakar goyo. Ya ce makarantar kuɗin da ke Palakkad ta shirya nata bikin, manajan banki ne zai riƙe yatsun yara. Kaka ya ce su fara zama tukuna, ba zai ɓata musu lokaci ba. Yaya ya ce ai hannun farko shi ke bin mutum har tsufa, shi ya sa ba ya son a riga manaja.

"To nawa hannun me ya yi?" in ji Kaka.

Yaya ya nuna ni da makullin mota. "Ga na ƙarshe da ka rubuta wa, Kaka. Yana fasa kwakwa a tasha."

Na ce shi fa, wa ya rubuta masa? Ya ce Kaka ne, amma shi lasin tuƙi ya wanke shi.

A aji tara na bar makaranta, ranar da shugabanta ya ce irinmu kada mu zauna jarrabawa, za mu faɗi mu ɓata musu allon tallan sakamako. Duk wanda ya zage ni a kan haka na rama. Ranar nan sai na bar wa Kaka zancen.

Kaka ya ce, a hankali, shi abin da aka koya masa, ilimi abu ne da ke kwance mutum daga kwaɗayi da tsoro, albashi kuwa ko jahili yana samu. Yaya ya yi dariya, ya ce a gaya wa masu ɗaukar aiki a Dubai.

Thulasi ta miƙa hannu cikin shinkafar tana wasa. Uban ya fizge ta, ya kakkaɓe mata yatsu, suka fita.

Kaka ya daɗe yana kallon farantin. Na tsuguna kusa da shi na ce in na haifi nawa, shi zan kawo wa.

Ya cire zoben ya ba mahaifiyata ta adana, sannan ya dube ni.

"Prakashan, kai ma wurin manaja za ka kai shi. Kai ka fi kowa sanin dalili."

Na so in ƙaryata shi. Na ɗauki addata na nufi tasha.