Fasfon Inna

Tun kafin a haife ni Baba ya yi wa Inna alkawarin kai ta bakin teku, irin wanda ake gani a kalanda, shuɗin ruwa da farin yashi. Kowace shekara sai ya ce bari kasuwa ta lafa. A watan Janairu zuciyarsa ta tsaya yana cikin shago. Inna ta shiga takaba a gidanmu na unguwar Parkchester da ke Bronx, alkawari ya rage babu mai shi.

Ƙanin Baba ne ya ɗauka. Ranar sadakar arba'in Baffa Mahamadou ya miƙe a tsakiyar falo, ya ɗaga murya yadda matan da ke cikin ɗaka za su ji.

"Bon, to. Alkawarin yayana ba zai bi shi kabari ba. Matarsa Iyatu za ta fita takaba dab da Babbar Sallah. Da an ci naman layya ni zan kai ta bakin tekun Punta Cana, ita da 'yarta. Na taɓa zuwa a daidai wannan lokaci. Ruwa garau, kana ganin yatsun ƙafarka."

Falo ya ɗauki sa albarka. Ni ma na ce amin. Sai da mutane suka watse na ɗauki waya na fara binciken wurin.

Babbar Sallah ta bana a watan Yuni za ta faɗo. A irin waɗannan watanni na zafi wata ciyawar teku mai ruwan ƙasa takan taso daga tsakiyar ruwa ta jibge a gaɓar, wani wurin har ta kai gwiwa. In rana ta doke ta sai ta ruɓe, ta riƙa fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ko mai lafiya ya shaƙa sai ya yi ciwon kai. Inna kuwa asma gare ta. Ni na sha riƙe ta a motar asibiti leɓɓanta sun canja launi, kuma karatun da nake yi ke nan, kula da masu ciwon numfashi. Na san abin da wannan iska take yi wa huhu irin nata.

Fasfonta yana hannuna tun rasuwar Baba, tare da sauran takardun gida. Na ciro shi na zura a jakar da nake zuwa makaranta da ita.

Ranar Asabar na hau jirgin ƙasa, na canja, na shiga jirgin ruwa zuwa Staten Island. Shagon Baffa yana Tompkinsville, cike da shadda da turaren wuta da buhunan gero. Na same shi da abokinsa Gafaru, mutumin Kumasi, suna shan shayi. Na durƙusa na gaishe su, sannan na miƙa wayar.

"Baffa, dubi gaɓar nan. Hoton bara ne, watan Yuni."

Ya kalla ta ƙasan tabarau. "Wannan juji ne. Ba can na je ba."

"Can ne. A ɗaga tafiyar zuwa lokacin sanyi, sannan ciyawar takan ja baya."

"Rahina, da ƙafata na taka wurin. Bayan Babbar Sallah."

"A wane wata?"

"Zulhajji mana! Layya tana da wani wata ne?"

Gafaru ya ƙyalƙyale da dariya. "Likita ta zo yi maka jarrabawa, Alhaji."

"Baffa, Sallah ai zagayawa take yi. Shekarar da ka je…"

"Ke za ki koya mini Sallah?" Ya ajiye kofin da ƙarfi har shayi ya fantsama. "Na faɗa gaban jama'a. Sai in koma in ce musu me? 'Yar yayana Issoufou ta duba waya ta hana? Kawo mini fasfon uwarki. Mai yankan tikiti yana jira."

Jakar tana rataye a kafaɗata, ina jin kusurwar fasfon a haƙarƙarina.

"Ba zan kawo ba, Baffa."

Dariyar Gafaru ta ɗauke. Baffa bai daka mini tsawa ba. Ya juya ya shiga auna wa wata mata shadda, kamar babu kowa a wurin. Na tsaya har matar ta fita, wata ta shigo, ita ma ta fita. Da na gaji na yi sallama. Gafaru kaɗai ya amsa, shi ma can ƙasa-ƙasa.

Kafin jirgin ruwa ya kai ni Manhattan labari ya riga ni. Gwaggo Ramatou, matar Baffa, ta kira.

"To, 'yar boko, an ce kin tsaya a kan baffanki kamar 'yar sanda. Ko ƙasar kabarin ubanki ba ta bushe ba!"

"Gwaggo, numfashin Inna nake ji."

"Mu ba mu da tausayi ke nan? Ke kaɗai Allah ya ba zuciya?"

Haka na shafe sauran watannin takabar. Matan da ke zuwa taya Inna zama su amsa gaisuwata da hanci. A masallaci wadda muka saba haɗa kafaɗa ta matsa gaba. Har wata ta ce wai ina son in tafi da saurayi ne, shi ya sa nake ɓata tafiyar. Ban yi kuka gaban kowa ba, ban kuma ba kowa haƙuri ba. Na ci gaba da zuwa makaranta, ina dawowa in dafa tuwo, in duba ko abin shaƙar Inna ya kusa ƙarewa.

Abin da ya fi ci mini rai shirun Inna ne. Ni ce 'yar fari, ko sunana ba ta kira, balle ta tsaya mini gaban dangin miji. Na nuna mata hotunan. Ta daɗe tana kallo, carbi na tafiya a hannunta, ta ce, "Na gani." Daga nan ba ta ƙara ba.

Ranar fita takaba gida ya cika. Inna ta yi wanka, ta ɗaura sabuwar atamfa, aka zana mata lalle. Ƙamshin turaren wuta ya fara yawa, na lallaɓa na fitar da kaskon baranda, wata tsohuwa ta bi ni da tsaki. Bayan la'asar Baffa ya shigo da Gafaru da wasu dattawa. Aka yi addu'a aka shafa. Bai dube ni ba.

"Iyatu," ya ce, "gobe zan yanki tikiti. A ba ni fasfo."

Inna ta juyo wajena.

"'Yar nan, kawo."

"Inna…"

"Kawo na ce."

Zan iya ce wa Baffa a'a. Zan iya ce wa duk Bronx a'a. Na shiga ɗaki, na buɗe jakar na ciro shi. Na fito na durƙusa na miƙa mata, ina lissafin inda asibiti yake daga otal ɗin da za mu sauka, da yadda zan yi bayani da Sifaniyancin da ban iya ba.

Inna ta karɓa, amma ba ta miƙa masa ba. Ta ɗora shi a cinya ta dafe, ta dubi Baffa, sai na ga murmushin da rabona da shi tun Baba na da rai. A wurinmu akwai wasa tsakanin mace da ƙanin mijinta. Abin da ni zan faɗa a kira shi rashin kunya, ita in ta faɗa raha ce. Duk tsawon takaba bakinta a ɗaure yake. Yau aka kwance shi.

"Kai, ƙaramin miji," ta ce, "wai da gaske ka je tekun nan, ko cika baki ne?"

Mata suka fara dariya. Baffa ya gyara hula. "Haba matar yaya! Kin manta? Har tsarabar kwakwa na kawo miki."

"Na tuna. Ba Sallar nan ba ce da kai da yayanka kuka tafi New Jersey ɗauko rago, motarka ta ƙi tashi?"

"Ita ce! Wallahi ita ce."

"Ka shigo mini gida kana kyarma kamar ɗan tsako, da rigar sanyin yayanka har gwiwa."

"Ai ranar an yi sanyi," in ji Gafaru. "Naman ma a baranda muka bar shi ya kwana, bai yi komai ba."

"Shi ya sa na gudu Punta Cana," Baffa ya ce yana dariya. "Ina fita daga ƙanƙara na faɗa…"

Bai ƙarasa ba. A bayansa fanka tana juyawa, tagogi duk a buɗe, gumi ya jiƙa wuyan babbar rigarsa. Na ga idonsa ya je kan fankar ya dawo. Wani dattijo ya yi gyaran murya. Na cije leɓe don kada ko kalma ɗaya ta kuɓuce mini.

"To ni irin taka nake so," Inna ta ce a hankali. "In bar sanyi in tarar da rana. Ko ni ban kai ba?"

Baffa ya ciro hankici ya share wuya. Ya daɗe yana ninke shi.

"Bon," ya ce. "Dama ina ta tunani. Wa zai bar zafi ya tafi zafi? Sai sanyi ya shigo. Janairu. Haka na yanke."

"Alhaji akwai hangen nesa," wata ta ce daga ƙofar ɗaki. Gwaggo Ramatou ta ce ai dama shi ba ya abu da gaggawa. Aka sake sa masa albarka, fiye da ta farko. Babu wanda ya dubi inda nake durƙushe. Da zai fita na yi masa sai da safe, ya amsa wa bango.

Na tattara kofuna na kai kicin. Ina cikin wanke-wanke Inna ta shigo, ƙirjinta na ɗan yin fito saboda turaren ɗazu. Na tsame hannu na miƙa mata abin shaƙa. Ta shaƙa, ta jingina da firji har numfashin ya daidaita. Sannan ta zura fasfon a aljihun rigata.

"Mayar da shi inda yake," ta ce. "Gobe kuma ki je ki gaida baffanki."

"Ba zan ba shi haƙuri ba, Inna."

"Gaisuwa na ce."

Ta ɗauki tire ta koma wajen baƙinta.