Mozo na Ƙarshe a Ƙauyenmu

A ƙauyenmu na kan tudun Soria a ƙasar Sifen, ba ƙuruciya ce ke sa a kira mutum mozo ba. Yaran birni sun ɗauka duk mai sabon gemu mozo ne, ba su san kome ba. A wurinmu mozo shi ne namijin da ya isa ɗaukar kaya amma bai yi aure ba, ko da furfura ta rufe shi. Kuma ranar farko ta watan Mayu, idan za a tsayar da dogon itace a gaban majami'a, mozo ne kaɗai ke riƙe igiyar gaba. Magidanta sai dai su tokara daga baya.

Samarinmu duk sun watse zuwa birane, aka bar mana Eleuterio makiyayi, wanda haƙoransa ma sun fara zuba. Shi ke riƙe mana igiya kowace shekara.

Wata rana ina yanka cuku a ƙofar gida ya zo ya tsaya, yana murza hularsa.

"Kawu Anselmo, Casilda ta ce ko in aure ta kafin Mayu, ko ta koma birnin Zaragoza wurin 'yarta."

Casilda mai gasa burodi ce, mijinta ya daɗe da rasuwa.

Na ce, "Kai, tsohon banza! Sai yanzu da gwiwa ta mutu ka tuna da aure? Igiyar fa?"

"Ku ba wani."

"Wa? Limamin cocinmu da ba ya aure?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Kawu, kai idan ka shiga gida akwai mai ce maka ka goge ƙafa. Ni karena ne kawai ke ɗaga kai."

Na ajiye wuƙar hannuna. Ba zan ce magidanci ya riƙe igiyar ba, don ba haka muka gada ba. Amma sunan nan na mozo an yi shi ne don mutum ya ɗan zauna a cikinsa ya wuce, mu kuwa mun ɗaure bawan Allah a ciki saboda biki na yini guda.

Na ce, "Je ka aske gemun nan tukuna, kada ta canza ra'ayi."

Aka ɗaura aure cikin Afrilu. A wannan shekarar ba mu shiga daji saran itace ba. Ranar farko ta Mayu muka zauna a filin majami'a muka ci burodin Casilda, ango yana ta hamma a gefenta.