Wasiƙar Keziah zuwa Halifax

Da ƙyar Keziah Dolliber ta kutsa cikin taron da ya cika bakin tashar jiragen ruwa ta Marblehead da ke Amurka, rungume da takardunta. Tun safe labari ya iso cewa Amurka ta shelanta yaƙi da Ingila. Maza sai ihu suke yi, wasu har sun fara ɗora igwa a kan jiragen kamun kifi.

Shekara biyu ke nan da wani jirgin yaƙin Ingila ya tare jirgin da mijinta Jotham yake aiki a ciki, yana ɗauke da busasshen kifi zuwa Faransa. Suka ƙwace kayan, suka tafi da mutum huɗu har da Jotham, wai 'yan ƙasarsu ne da suka gudu daga aikin soja. Jotham kuwa a bayan cocin garin nan aka haife shi. Tun daga ranar take bin shaidu gida gida, su sa hannu cewa ɗan Amurka ne. Jiya ta samu sa hannu na ƙarshe.

A ƙofar ofishin kwastan ta ci karo da Nahum, ƙanin mijinta, ya riga ya ba da sunansa a jirgin farautar jiragen Ingila. Ya tare ta da dariya.

"Matar yaya, ajiye takardun nan ki huta. Da igwa zan karɓo miki mijinki."

"Kai da ko agwagwa ba ka taɓa samu da bindiga ba? In kuma ka dace, harsashinka ya san yayanka ne?"

Dariyar ta ɗauke masa. Ya matsa ta wuce.

Tsohon akawun, Mista Larrabee, ya duba takardun ɗaya bayan ɗaya, ya yaba, sannan ya cire tabarau. Ya ce mata sun yi latti. Daga yau babu wanda zai saurari ƙorafin Amurka a can, kuma jirgin da Jotham yake ciki yana Halifax, sansanin jiragen yaƙin Ingila, ba shakka nan za a turo jirgin, Jotham ya yaƙi mutanensa.

Keziah ta ce ba ta zo don ta koma haka ba. Ta ja kujera ta zauna.

Sai akawun ya ce akwai hanya ɗaya, amma ba ta da daɗi. Wani jirgi mai farar tuta zai mayar da 'yan Ingila Halifax, ana iya ba shi wasiƙa, ko ta isa ko kada ta isa. Idan Jotham ya tsaya gaban kyaftin ɗin jirgin yaƙin ya ce shi ɗan Amurka ne, ba zai taɓa igwa ba, za su yi masa bulala, wataƙila har bayansa ya tsage, su jefa shi kurkuku. To a nan ne ya zama fursunan yaƙi, takardunta su yi amfani ranar musayar fursunoni.

"Yaushe ne musayar?"

"'Yata, ko shekara, ko uku. Wasu ba sa kaiwa."

A waje an fara kaɗa ganga. Ta tuna Jotham mutum ne da ba ya iya musu ko da mai sayar da gishiri. Ba zai ƙi umarninsu ba sai in ita ta ce.

Ta tura masa kwalbar tawada.

"Rubuta. Ka ce Keziah ta ce ya ƙi. Kada ka ɓoye masa zancen bulalar."